Motar da Ta Ƙi Ɗaga Hanci

Zuwa ga 'Yar Sifana,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Innarki, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu dai alhamdu lillahi. Gwiwata ta hagu ce ke yi mini gardama da safe, amma in ta ji rana sai ta saki. Kunne kuwa yana nan inda kika bar shi, don haka ki daina wahalar da kanki da kiran waya. Rabin maganarki iska ke kwashewa, sauran rabin kuma Innarki ce ke fassara mini yadda ta ga dama. Takarda ta fi mini.

Har yanzu ina cika wa mutane baki cewa 'yar ƙanwata da na raina a garejin nan, wadda barci ke ɗauka da sifana a hannu, yau motocin tsere take gyarawa a gari mai nisa. To yau baƙin motocin naki sun biyo ni har gida.

Kin tuna mai kantin magani ta kan kwana, matar nan mai tabarau? Yayanta ya rasu ya bar mata mota. Ja ce, kwance take da ƙasa kamar ƙadangare, inji a baya, wurin kaya a gaba. Dangi sun ce ta sayar, ta ce ita za ta tuƙa abinta. Sai dai ƙofar gidanta gangare ce, ga kuma tudun rage gudu da aka yi mana a titi. Akwai wani madanni kusa da giya, in an danna shi hancin motar ya kamata ya ɗaga har ta wuce tudu. Yanzu in an danna, famfon zai yi kuka, hancin ya tashi kamar da gaske, sai wata fitila ta fara ƙiftawa a gaban direba, hancin ya koma ƙasa a hankali kamar wanda aka ba haƙuri. Wani lokaci famfon ba ya yin shiru sai na kashe motar.

Da katakai muka shigo da ita gareji. Fiyus lafiya yake. Na cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta, na ga famfon da ɗan tulun mansa. A jikinsa akwai wasu abubuwa biyu masu kama da fulogi, kowanne da wayarsa, ɗaya ya jiƙe da mai a wajen da wayar ta shiga. A nan na tsaya, don ban saba taɓa abin da ban san sunansa ba.

Ki faɗa mini abin da kika gani. Tun da motar nan ta shigo nake riga Innarki tashi.

Kawunki

*

Kawu,

Na gaishe ka da girmamawa, a gaida mini Inna. Ina lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta wuce. Takardarka ta iso ina cikin aiki, na karanta ta a tsaye da baƙin mai a hannu, na yi ta dariya kan ƙadangaren nan har abokan aikina suka ce in fassara musu.

Ka riga ka gano ciwon da kanka, suna kawai ya rage. Abubuwan nan biyu makunnan matsi ne. Famfo yana tura mai, man yana ɗaga hancin. Makunni na farko shi ke jin matsin ya cika, ya ce wa famfo ya isa haka. Na biyun shi ke shaida wa motar cewa matsin ya sauka, hanci ya koma mazauninsa. Wanda ka ga ya jiƙe ya fashe ta ciki, ya daina jin komai. Shi ya sa famfon ke ta aiki babu mai tsayar da shi, har motar ta ji tsoro ta saki man. Tunda tare suka tsufa, tare za a canza su. Ga sababbi biyu nan a cikin ƙunshin, da wasoshinsu masu hana yoyo, da gwangwanin mai.

Ka lura da waɗannan. Kamarsu ɗaya amma ba ɗaya ba ne: mai koren zobe na sama ne, mai baƙin zobe na ƙasa. In aka musanya su, sai motar ta rikice fiye da yanzu. Kafin ka sa sifana, ka tabbata hancin yana ƙasa sarai, ka cire kan batir, ka bar ta ta huce. Ka naɗe makunnin da tsumma ka sassauta shi kaɗan-kaɗan, don ragowar matsin ya fita a hankali. Kada ka mai da tsohon wasan makunnin, ka sa sabo. Jikin famfon alminiyam ne, ba ya son ƙarfi: ka fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara da sifana. Man birki kuma ko kusa kada ka zuba, zai cinye robobin ciki. Wanda na aiko kawai.

In ka gama, iska za ta shiga, sai an yi ta ɗagawa da saukewa ana ƙara mai kafin ta fita. Na zana maka komai a bayan takardar nan.

Mai kai saƙo yana tsaye a kaina, takarda ma ta ƙare. Abu na ƙarshe, Kawu, kuma roƙonka nake yi: kada ka yi aikin nan kai kaɗai. Ka nemi wanda zai tsaya maka.

'Yarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kai da Inna kuna lafiya, don gaskiya ban sani ba.

Mai kai saƙo ya rantse mini a hannunka ya damƙa ƙunshin. Tun daga nan shiru. Wata ya shuɗe, wani ya kama. Na kira wayar Inna, ta ce kuna lafiya, amma da na ce yaya mota sai ta ce wai tukunya tana ƙonewa. Na san Inna, tukunyarta ba ta ƙonewa.

Kawu, in wani abu ya same ka a wajen aikin nan, a faɗa mini. Jiya na tsaya riƙe da irin makunnin nan a wurin aiki, na kasa ɗaura shi, ina ta tunanin hannunka. Ni na turo maka kayan, ni na ce ka kwance. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in ga rubutunka in san da hannun dama ka yi shi.

'Yarka

*

'Yata,

Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutuna, na daɗe ban riƙe alƙalami ba. Lafiyarmu ƙalau. Yatsun kawunki goma cif, ci yake kamar da, ki kwantar da hankalinki. Ranar da kika kira yana zaune a gabana yana kallon bakina, kin san kurman nan da ido yake ji, shi ya sa na kawo zancen tukunya.

Fushi yake yi da ke. Bari in faɗa miki dalili tunda shi ba zai faɗa ba.

Kafin ƙunshinki ya iso, yayanki, ɗan namu, ya zo mana kwana biyu. Ya ga uban a cikin ramin gareji yana fitowa da kyar, sai ya zaunar da shi ya ce, "Baba, shekaru sun ja. Ka nemi wanda zai tsaya maka a garejin nan, kai ka huta." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Ranar kawunki bai taɓa abinci ba. Ya ce mini, "Bari amsar 'Yar Sifana ta zo, ita ta san ni."

Amsar ta zo. Ya zauna a kan bencin ƙofa yana karantawa yana murmushi, yana cewa, "Ji yarinya, ji yarinya." Har ya kira ni ya nuna mini zanen. Da ya kai ƙarshe sai na ga fuskar ta canza. Ya ce, "Ita ma." Ya ninke takardar, ya ɗora ƙunshin a kan kanta, bai ko yanke igiyar ba.

Tun daga ranar motar tana lulluɓe da zanen gadona. Da safe ya je ya ɗaga zanen, ya goge ta, ya mayar. Mai kantin magani ta leƙo har ta gaji. Baiwar Allah ba ta matsa masa, sai dai ta ce, "Baba, yaya 'yar gidana?" ya ce mata ana nan ana dubawa. Ba duba komai ake yi ba. Na ce masa, "Malam, ka tambayi yarinyar nan me take nufi mana." Ya ce ai ya iya karatu.

Ni ban san makunni ba, ban san famfo ba. Abin da na sani shi ne mutumin nan ya fara dawowa da ransa da motar nan ta zo, yanzu kuma ya koma zaman bencin. In da gaske kin ga ba zai iya ba, ki faɗa mini ni, zan san yadda zan lallaɓa shi. In kuma ba haka ba ne, ki rubuto masa da manyan baƙaƙe. Zanen gadon ma ina so.

Innarki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ko da ba za ka amsa ba. Inna ta ce lafiyarka lau, na gode wa Allah, na kuma yi kuka kaɗan, sannan na ji haushinka.

Laifina ne da na matse magana mafi muhimmanci a gindin takarda ban yi bayani ba. Ga bayanin. Aikin nan na mutum biyu ne a ko'ina. Lokacin gwaji dole wani ya zauna a cikin mota yana danna madanni, hannunsa ɗaya a kan makulli, yayin da kai kake ƙasa kana duba ko mai yana tsiyaya. In wani abu ya ɓalle, na cikin ne zai kashe motar nan take. Ba ka da hannun da zai kai daga rami zuwa giya. Ni ma ba ni da shi. Maigidanmu a nan ƙato ne, ƙarfinsa ya kai na mutum uku, amma in zai gwada irin wannan sai ya kira ni na zauna masa.

Man nan in yana cikin matsi, ta ƙaramar kafa yake fita siriri kamar allura, ido ba ya ganinsa. A bara wani abokin aikina ya bi tiyo da babban yatsa yana neman inda yake yoyo. Man ya huda fata ya shige. Da farko dariya ya yi, ya ce sauro ne. Sai da likitoci suka tsaga hannun har wuyansa. Abin da ke cikin kaina ke nan da na rubuta layin nan. Don haka ka nemi yoyo da guntun kwali, ba da hannu ba.

Kawu, da ina ganin ba za ka iya ba, ba zan aiko da makunnan ba. Motoci irin wannan ba a turo wa kowa kayansu. Ranar da na ga tsufa ya kama ka, zan hau mota in zo in faɗa maka a gabanka, in zauna in sha faɗan. Ba zan ɓoye shi a ƙarshen takarda ba.

Ba makaniki nake cewa ka nema ba. Duk mai yatsa ɗaya da hankali ya isa.

'Yar Sifanarka

*

'Yar Sifana,

Mun gaishe ki, muna lafiya. Takardarki ta iso, na karanta. Maganar da ta wuce ta wuce. Yaya hannun abokin aikin naki? Ki ce ina yi masa sannu.

Na yanke igiyar ƙunshin. Na cire kan batir, na bar ta ta huce, na sa alli na yi wa wayar sama alama don kada ido ya yaudare ni. Na ƙasan bai ba ni wahala ba. Na saman, wanda ya jiƙe, ya kafe kamar an haife shi a wurin. Zuciya ta ce in sa bututu a sifana in murɗe, na tuna alminiyam, na ajiye. Na yi ta ɗan taɓa shi gaba da baya har ya yi ajiyar zuciya, tsumman ya jiƙe. Sababbin suka shiga da yatsu lafiya lau, kore a sama, baƙi a ƙasa. Na mai da taya da kan batir, na tura motar kan rami.

Sai batun mai yatsa ɗaya da hankali. Ina tsaye ina tunanin wa zan kira, sai ga Innarki da shayi. Ta ce, "Me kake kallona?" Na ce, "Yatsanki nake kallo." Shekarun aurenmu duk, iyakarta ƙofar garejin nan, ta miƙo kwano ta juya. Ta ce, "A cikin wannan abin zan zauna? In na shiga wa zai fito da ni?" Amma tana faɗa tana cire takalmi. Na ce ba a cire takalmi, ta ce motar mutane ce.

Tunda ba zan ji muryarta daga rami ba, muka shirya: in na buga sifana a ƙarfe sau ɗaya ta danna, in na buga da yawa ta kashe. Na tayar da motar, na sauka da tocila da kwalina. Na buga. Sai ruwan wanke gilashi ya zubo mini a ƙeya. Na sake bugawa, ta danna hon, wannan kam har ni na ji. Na fito na kama yatsan na ɗora mata a kan madannin. Ta ce, "To ai sai ka ce wannan."

Karon farko hancin ya tashi yana rawa, gefe ɗaya ya riga ɗaya, ya koma. Sai na tuna kin ce iska. Na ƙara mai. Muka yi ta yi, sama da ƙasa, kwalin yana fitowa a bushe kowane karo. Can sai na ɗora tafin hannuna a jikin motar, don da shi nake jin famfo yanzu. Hancin ya tashi sumul, ya kai ƙarshe, famfon ya yi tsit da kansa. Na jira ya sauko. Bai sauko ba.

Na leƙo daga rami, na ga Innarki ta leƙo ta taga tana magana. Na matso na ce me? Ta ce, "Fitilar ta daina ƙifta ido. Ni na gyara ko kai?"

Na ce mu biyu. Fito da ita daga kujerar kuwa ya fi cire makunnin sama wuya.

Kawunki

*

'Yar Sifana,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso, Innarki ta sa na karanta mata inda kika yabe ta har sau ba adadi. Gwiwa da sauƙi. Na sake duba mai kamar yadda kika ce, bai ragu ba, makunnan a bushe suke.

Jiya da hantsi mai kantin magani ta zo karɓar motarta. Ta rufe kantin dominta, ta sa takalmi marar tsini. Na nuna mata tsofaffin makunnan, na koya mata ta rage gudu kafin ta danna, ta kuma jira fitila ta tsaya kafin ta hau tudu. Ta zauna ta riƙe sitiyari. Ta ce kujerar har yanzu a daidai tsawon yayanta take. Na durƙusa na matso mata da ita gaba.

Na wanke hannu, na canza riga, don a ƙa'ida makaniki ne ke raka mai mota gwaji. Na zagayo ɗaya ƙofar, sai na tarar da Innarki a ciki, ta ɗaura bel, jaka a cinya. Kin san motar kujera biyu gare ta. Na ce, "Hajiya, wurina ne nan." Ta ce, "Wa ya san madannin, ni ko kai? Kai ai ƙasan motar ka sani." Mai kantin magani ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido.

Haka na tsaya a bakin titi da sabuwar rigata. Suka tafi a hankali har gaban tudun. Na ga motar ta tsaya, na ga hancin ya ɗaga, ta haye ba ta taɓa ko'ina ba, ta sauke shi a can gaba. Tela da mai wanki da suka fito kallo suka yi tafi. Daga nan matar nan ta taka mai, ƙarar ta shigo mini har ƙirji, suka sha kwana.

Na ce zagaye ɗaya za su yi. Na share gareji, na jera sifanu, na sha shayin da ya huce, ba su dawo ba. Sai da rana ta take tsaka na hango jan abin yana tahowa. Innarki ta fito ɗankwali a karkace, tana riƙe da ƙofa tana dariya irin wadda rabona da ganinta tun muna ɗakin haya. Na ce ina kuka je? Ta ce, "Tudu muka yi ta nema. Malam, garin nan duk mun haye shi."

Yau ni na dafa shayin safe, don ta ce bayanta ya riƙe. Tana kwance tana ba ni labarin hanya, ba na jin rabi, ban kuma ce ta maimaita ba. Fuskar nake kallo.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannuwanki.

Kawunki